Illo da Sanatocin Rufin Ɗakinsa

Jama'a, a gyara zama, a rage rediyo. Ga Mai Girma Illo na Gangara, mai masaukin manya, mutum ɗaya tak a ƙasar Gobir da ke kwana ƙarƙashin 'yan takarar Sanata uku kuma ba wanda ya taɓa ce masa ya matsa. Ƙanen kakana ne, don haka ni Kamalu ina da izinin faɗin abin da na ga dama a kansa. In ya ji haushi ya rama, ko da yake ya daɗe bai rama ba.

Manomi ne, ko in ce da can manomi ne. Gero da dawa yake yi, yana da rumbu da jaki mai taurin kai irin nasa, har shekarar da 'yan bindiga suka hana kowa leƙa gona. Ya ɗauko matarsa Tani da tukunya da tabarma suka taho Isa. Wani ya ba su aron kango a bayan tasha, bango huɗu ba rufi. Ba ya ba da labarin tahowar. In ka matsa masa sai ya ce, "Mun taho," ya ci gaba da abin da yake yi. Yanzu baro yake turawa a kasuwa.

Sun iso ana tsakiyar kamfe, gari cike da manyan fastocin nan na leda mai kauri da ake ɗaurewa a sanduna bakin titi. Da aka gama zaɓe kowa ya watse, Illo ya bi ya kwance uku, ya shimfiɗa bisa azara, ya danne da duwatsu da tsohuwar taya. Farin bayan ya bar wa rana, hotunan suna kallon cikin ɗaki. In ka kwanta, mai tabarau na wajen ƙofa, mai farar hula wanda ya ci zaɓen na tsakiya, mai murmushi kuma daidai saman gadon Tani. Na ce mata, "Amaryata, kin samu wanda ya fi tsohon nan kyau." Ta fara dariya tari ya ƙwace. Tun tahowarsu take wannan tari.

A teburin Wada mai shayi ake siyasar unguwarmu. Ni ke karanta wa mutane labarin waya, da ɗan bokon da na tsira da shi kafin ni da makaranta mu rabu baram-baram. Ran nan na karanta cewa wasu sun bi sun ji ra'ayin jama'a kan sanatoci, wai kaza cikin ɗari sun gamsu, kaza ba su gamsu ba. Gardama ta tashi. Wada ya ce shi dai ba wanda ya tambaye shi. Wani ya ce ai ta waya ake tambaya, kuma garinsu ba sabis. Sai na juya wajen Illo, yana gefe riƙe da kofin da bai sha ba.

"Tsoho, kai da kake kwana da su, mi za ka ce?"

"Mai farar hula ya yi ƙoƙari," in ji shi. "Damina biyu bai ɗiga ba."

"Mai murmushi fa?"

"Wanga tun ruwan farko ya yage."

Aka kwashe da dariya. Shi bai yi ba, don ba wasa yake ba. Mai murmushi ya tsage daga kunne har haɓa, Illo ya cusa buhu a wurin, ruwa ya bi buhun ya sauka kan Tani. Ya ja gadon zuwa tsakiya. To bana mai farar hula ma rana ta cinye shi, in ka taɓa sai ya ruɓushe kamar busasshen ganye. Ba sauran inda za a ja gado.

Shi ya sa Illo ya fara zama wajen shayi. Mutane na lissafin wa zai fito: ko mai ci zai nemi komawa, ko manya za su tsayar da wani, ko wannan karon a bar wa wata ƙaramar hukuma. Illo ba ruwansa da suna. Tambayarsa ɗaya ce, kullum in na ajiye waya: "Za a yi takara, ko sasantawa za su yi?" In aka kara, fastoci za su cika titi. In manya suka shiga ɗaki suka daidaita, ba mai buga leda kafin ruwa ya sauka.

Sai ga labari wani sabon mai neman kujerar zai zo Isa gaisuwa. Na tafi. Na kutsa, aka taka ni na taka wasu, na yi ta "Sai ka yi!" har muryata ta dishe, alhali ko sunansa ban gama riƙewa ba. Wani mai jar hula ya jefo damin fastoci daga bayan mota, na cafe, na ruga. Gabas ta riga ta yi baƙi, iska na kwasar ledoji a tasha.

Na tarar da Illo a kan bango yana gyara duwatsu. Daga ciki ana jin tarin Tani.

"Sauko, Mai Girma!" na ce. "Takara ta tabbata! Ga sabon jini, ga matashi, ga wanda zai share hawayen Gobir! Dami guda na kawo maka, ka rufe ɗaki har ka yi baranda!"

Ya sauko a hankali. Ya zaro ɗaya, bai dubi fuskar ba. Ya murza gefen da yatsu biyu, ya lasa babban yatsa ya dangwala. Wurin ya jiƙe, fentin ya biyo yatsan.

"Takarda ta, ba leda ba," ya ce. "Kai ma Tani ta hura wuta. Miƙo min buhun can, za ni koma bisa."