Jikar Baba Ajidan

Ku da kuka shigo aiki a shagon Kawu bana, in kun ga ina tambayar mai saye sau uku kafin in miƙa masa kireyo, wato fensirin launi, kada ku ce iyayi ne. Akwai ranar da har gobe ba ta fita raina ba, ita ta koya mini.

Damina ce, ana hutun lakkwal, wato makaranta, ciniki ya mutu har ƙudajen shagon sun fara hamma. A lokacin ne Kawu ya kawo wasu littattafan shafa launi na manya. Kowane shafi malam-buɗe-littafi ne, fukafukansa cike da ƙananan zane kamar aikin hula. Na yi dariya har na riƙe ciki. Wane babba ne a Damagaram zai zauna yana yi wa ƙwaro kwalliya?

Dokar shagon kun san ta: ka tambaya wa zai yi amfani da kaya kafin ka zaɓa. Yaro ƙarami ana ba shi kireyo mai kauri na kaki. Fetir, wato alƙalamin launi mai ruwa, na takarda mai kauri ne, don yana huda siririya. Babba kuma kireyon katako mai tsini.

Sai ga wani dattijo, tsohon zandarma da ya ajiye aiki da muƙamin ajidan, kowa na ce masa Baba Ajidan. In ya yi gyaran murya, awakin unguwa sai sun ƙame. Ya nuna littafin da haɓa.

"Kai yaro, ba ni wancan. Na jikata ne."

"Shekarunta nawa, Baba?"

"Kai ɗan sanda ne? Ƙarama ce!"

Na haɗa masa na kaki da fetir. Ya miƙo kuɗi da hannun hagu, na dama yana cikin aljihu. Na yi mamaki, don dattijo irinsa ba ya ba mutum abu da hagu.

Ba a jima ba ya dawo, ya jefa littafin a kan tebur. Fetir ya huda shafi ya ɓata na baya, kakin kuma ya tsallake layi ko'ina. Malam-buɗe-littafin kamar mota ta taka shi.

"Jikata ta ce kayanku ba su da tarbiyya. Ba sa tsayawa inda aka ba su oda."

Na ce a raina, wannan jika ta yi aikin soja. Sai ya manta ya zaro hannun dama zai nuna mini ɓarnar. Yatsun suna rawa, gefensu duk shuɗi da ja. Ya yi maza ya mayar.

Bakina ya riga ya buɗe, kun san halina. Kawu ya take mini ƙafa a bayan tebur, takun da har yau in hadari ya haɗu ina jin sa. Ya aike ni ciki, ya biyo ni.

"Ila, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa shi," in ji Kawu a hankali. "Mutumin da ya yi rayuwarsa yana rubuta rahoto, wancan watan da ya je karɓar fansho sai dangwala yatsa aka sa shi ya yi, a gaban mutane. Lokotoro ne a asibiti ya ce ya riƙa motsa hannun. Tunda Baba Ajidan ya ce jika, to jika ce. Ka ji ni?"

Na fito na ɗauko kireyon katako masu laushi, waɗanda ba sai an danna ba.

"Baba, hannun jikar nan zai kai naka girma?"

Ya harare ni. "Kusan haka."

"To gwada mata mu gani."

Ya kama, kireyon ya zame ya faɗi. Na ruga wurin mai faci na roƙo tsohuwar robar tayar keke, na naɗe gindin kireyon har ya yi kauri. Ya sake kamawa, wannan karon ya zauna. Na buɗe masa shafin da fukafukansa suka fi faɗi, na ce ta fara da nan, ta bar masu ƙananan zane sai gaba. Na fiƙe masa duka, na ce in sun dakushe a kawo.

Ya daɗe yana cika fiffike ɗaya, gumi na tsattsafo masa. Da ya gama bai ɗago ba, ya ce, "Za ta iya."

Daga nan duk Juma'a bayan masallaci sai ya zo fiƙe kireyo, ni kuma in tambayi lafiyar jika. Wani lokaci ya ce tana da taurin kai, wani lokaci ya ce ta yi fushi ta yi jifa da littafin. Na ce a gaya mata in ta sake, zan zo da kaina in yi mata horon soja. Ranar ce na fara ganin haƙoransa.

Bayan an koma lakkwal, ana tsakiyar cinikin kaye da bik, wato littafin rubutu da biro, ya shigo ya miƙo mini hannun dama muka gaisa. Riƙon ba ƙarfi sosai, amma riƙo ne. Ya ajiye shafi guda: malam-buɗe-littafi mai ruwan goro da shuɗi, launin ya ɗan leƙa waje a wuri biyu. A ƙasa an sa hannu, baƙaƙen a karkace amma ana karantawa sarai: Mamman Kyari.

"Baba, jikar sunanku ɗaya?"

"Rufe mini baki, ɗan banza," ya ce. "Jiya na je karɓar fansho. Sun turo mini tawadar dangwale, na ce su ba ni bik."

Shafin ne kuke gani manne a bayan tebur. Abin da na koya shi ne, a sana'ar nan tambaya wajibi ce, amma ba kowace amsa ake bin diddiginta ba. Wani launi yake saye, wani kuma mutuncinsa ya zo nema. Ka kalli hannun mutum, ka ba shi abin da hannun zai iya riƙewa, sannan ka gaida jikarsa.