Inna a Akwatin Keke

Keken nan mai ƙafa uku na saye shi ne don kai albasa kasuwar garin Hajj Abdalla, akwati a gaba, ni a baya ina tuƙi. Ban taɓa zaton wata rana mahaifiyata zan ɗauka a ciki ba.

Bayan tsinkar auduga saƙo ya zo daga kawuna, yayan Inna, da ke wani ƙauye gaba da garin Sinnar. Ya ce idonsa na mutuwa, ta zo ya gan ta tun yana gani. Su biyu kaɗai suka rage cikin ayarin da ya taso da su daga ƙasar Sakkwato da ƙafa, suna yara. Inna kuwa ba ta shiga lori, wai wari da girgiza za su ƙarasa ta kafin a isa. Sai na shimfiɗa mata katifa a akwatin, na yi mata rumfa da zane, ta zauna daram da butarta a hannu.

Ni kwana biyu na ƙiyasta, na manta da halin Inna. Ba ma wuce ƙauyen Hausawa sai an tsaya an gaisa, an sha shayi, ta ji wanda ya rasu da wadda ta haihu. In hanya ta bi bakin tur'a, magudanar da ke kai ruwa gonaki, ta ga ƙasa da danshi, sai ta sa in sauka in tura, kada taya ta zaftare gaɓa ruwan wani ya ɓalle. Wani wuri muka tarar da mai gona yana ban ruwa, ruwan ya ratsa hanya, muka zauna a inuwa har ya gama. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce mata idon Kawu ba zai jira shayinta ba. Ta ce in rage sauri, ƙugunta na ciwo.

Duk da haka ba zan ce ban ji daɗin tafiyar ba. Ta nuna mini tsamiyar da ayarinsu ya yi wata guda a gindinta, da rijiyar da Kawu ya taɓa faɗawa, wadda yanzu ta cike da ƙasa.

Rana ta huɗu da hantsi muka isa. Kawu na zaune a ƙofar gida. Ya juyo wajen ƙarar keken, amma ba mu yake kallo ba. Matarsa ta raɗa mini cewa shekaranjiya ɗan sauran hasken ya ɗauke. Inna ta ji. Ta sauko da kyar, ta durƙusa gabansa tana hawaye, ta ce laifinta ne, ita ta tsaya gaishe-gaishe a hanya. Ni kuwa na tsaya riƙe da keken, cike da haushi da tausayi.

Kawu ya laluba ya dafa kanta. "Bar kuka. Huskarki na san ta, dama ba wani kyau gare ta ba. Ta wace hanya kunka biyo?"

Ta faɗa masa.

"To tsamiyar nan, tana nan?"

"Tana nan, Yaya. Ta yi girma."

"Hwaɗa mini sauran. Kada ki tsallake ko gida guda."

Ta gyara zama ta fara tun daga ƙauyen farko. Na ja keken gefe na shiga sa wa sarƙa mai, don kada a ga idona.