Gashin Da Kellu Ta Ƙi Rinawa

"Kar ki kai 'yarki wurinta. Kitso za ki je, ki dawo da wa'azi."

"Ni fa cewa ta yi gashin 'yata Murjanatu rashin abinci ne. A gidan da ake ɗora tukunya sau uku!"

"Amma hannunta akwai kyau."

"Bakin ne babu."

Kellu mai kitso tana jin matan unguwa ta bayan katanga, ko ɗagowa ba ta yi ba daga kan da take tsagawa. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan tana wannan sana'a a Potiskum, tun da aure ya kawo ta daga Mamudo. Ba ta yi boko ba. Abin da ta sani game da abinci, a bakin gadon asibiti ta koye shi, lokacin da ta yi kwana goma sha tara tana jinyar 'yarta ta fari, Meram, wadda kowa ke yaba wa kumatu har ranar da ta kasa tsayuwa. Wata nas mai suna Dooshima ce ta zaunar da ita, ta yi mata bayani da Hausarta mai karyewa: tamowa ba rashin ƙoshi ba ce. Ciki na iya cika da tuwo da kunu alhali jiki na zubewa, domin hatsi ƙarfi yake bayarwa. Masu gina jiki su ne wake, gyaɗa, ƙwai, madara, kifi. Meram ta tashi, yanzu haka tana aure a Nangere. Kellu kuwa, tun daga nan ba yaron da zai sa kai a cinyarta ba ta duba lafiyarsa ba.

Ana saura kwana biyu Sallah, tsakar gidanta cike da mata, sai ga Bara'atu, matar Bubayaro dillalin shanu, riƙe da 'yarta Asta mai shekara uku, da ƙullin baƙin rini.

"Iya Kellu, ki ɗan rina mata kafin kitson. Gashin ya yi ja, kar a ce ba na kula da ita."

Kellu ta sa mataji. Gashin ya biyo shi kamar auduga, yarinyar ko uhm ba ta ce ba. Kellu ta sunkuya ta danna bayan ƙafar Asta da babban yatsa, ta ɗan jima, ta ɗaga. Wurin ya lotsa, ya ƙi tasowa.

"Ba zan rina ba."

"Haba Iya! Kakarta ta ce gado ne, haka gashin danginsu yake. Kuma ki dubi ƙibar da ta yi."

"Ƙiba? Matso ki gani. Tsoka in kin danna ta, tasowa take. Wannan kumburi ne, ruwa ne ya kwanta. Tamowa ce, 'yar nan, kuma irin wadda ba ta jiran a gama Sallah."

"To, an fara," in ji wata daga cikin masu jiran layi. "Likita ta buɗe asibiti." Ta ja hannun 'yarta ta yi waje, biyu suka bi ta.

"Ku gaida gida!" Kellu ta ɗaga murya. "Masu kitso har bakin tasha akwai su. Ni dai ba na rufe ciwo da baƙin rini, gobe kowa ya ce ta yi kyau, a rasa mai dubawa."

Idon Bara'atu ya ciko. "Babanta yana kasuwar shanu. Ban tambaye shi ba, ya zan fita?"

Kellu ta ajiye mataji, ta goge man hannunta a zani, ta ba wadda take wa kitso haƙuri da rabin kai a tsefe. Ta jawo mayafinta daga igiya.

"Kira min Bubayaro ki ba ni wayar, ni zan yi masa magana. Ke dai don Allah goya ta, mu tafi asibiti."