Sandar da Ta Ari Mariƙin Ludayina

Shekara talatin da ɗaya ina sayar da taliyar udon a bakin tafkin garinmu, a gindin duwatsun Wakayama, kuma ban taɓa ganin mai kallon hannun mutane kamar Tsujiwaki Kanji ba. Wani fuska yake kallo, wani aljihu, shi kuwa hannu. Za ka shigo rumfata ka ɗauki kwano, yana can kusurwa ya kafa wa yatsunka ido kamar sato su ka yi. Baƙi da yawa sun ja ni gefe sun tambaye ni ko tsohon nan ƙalau yake. Nakan ce musu ƙalau yake, sana'a ce ta yi masa yawa.

Sandar kamun kifi yake yi, ta gora, irin wadda ake kama kifin hera da ita. Yana ɗan shekara sha biyar aka kai shi gidan wani gwani a bayan tashar jirgi, ya yi shekara uku yana shara da hura gawayi kafin a bar shi ya taɓa gora. Yanzu ya ba saba'in baya. Da sanyi yake hawa dutse ya saro gorarsa, ya jera ta a rufin ɗaki ta shekara biyar tana bushewa, sannan ya riƙa gasa ta a wuta yana miƙar da ita gaɓa gaɓa. Matarsa Harue ta sha gaya mini cewa a gidansu gora ce ke kwana a ɗaki mai iska, su kuma mutane su ƙarata da mai danshi.

Duk wannan wahala, a wurin Kanji, share fage ce. Aikin gaske shi ne mariƙi, ɗan wurin nan da bai wuce tsawon tafin hannu ba a gindin sanda. Tsohuwar jarida yake yankawa siri-siri, ya shafa mata manne, ya yi ta naɗawa falle bisa falle har ta yi siffar da yake so. Sai ya bi ta da zaren siliki, ya shafe da urushi, ƙaron itacen nan mai sheƙi. Mariƙinsa siriri ne, baƙi wuluk, santsi kamar ƙwan da aka ɓare. In ya gama ya gamsu, sai ya ɗora ɗan ƙarfensa a wuta ya buga sunansa a jikin gorar, daidai saman mariƙin. Sandar da ba ta gamsar da shi ba, ba ta ganin ƙarfen nan.

Mai saye yana da ikon zaɓar tsawon sanda da nauyinta, amma ba a tambayarsa mariƙi. "Baki ƙarya yake yi," in ji Kanji. "Kowane namiji cewa zai yi hannunsa babba ne. Hannu kuwa ba ya ƙarya." Shi ya sa yake kawo mai saye rumfata, ya saya masa udon, ya zauna yana kallon yadda yake riƙe kwano da tsinken cin abinci. Ni dai ban taɓa ƙorafi ba, ciniki ne yake kawo mini.

Abin dariyar shi ne, mutumin da sandunansa suka kama kifin da ba ya ƙirguwa, shi kansa bai iya kamu ba. Zai wuni a kan katakon da masu kamu ke zama a bakin tafki ya tashi da kifi ɗaya, wani lokaci ma babu. Wanda ba ya bari ya manta da haka shi ne Umetani Sadao, tsohon direban bas, abokinsa tun ajin farko na firamare. Katakonsu na zama a jere suke, kuma shekara sittin ke nan suna zagin juna da sunayen yarinta, Kan-chan da Sada-yan.

"Kan-chan, ka juyo da sandar, wataƙila ta ɗaya gefen ake kamu!"

"Rufe mana baki, Sada-yan. Ba don sandata ba, ko takalmin roba ba za ka ciro daga tafkin nan ba."

Da sanyin bara Sadao ya gamu da shanyewar ɓarin jiki, amma mai sauƙi. Ya yi wata guda a asibiti, ya fito da ƙafarsa da bakinsa, bakin ma kamar an ƙara masa kaifi. Da bazara ta shigo ya dawo katakonsa, muka ce shi ke nan, an wuce wurin. Sati biyu bayan haka wani ƙaton kifi ya fizgi ƙugiya, sanda ta kufce daga hannunsa ta bi ruwa, shi kuma tsohon banza ya kai mata cafka. Sai ji muka yi funjum. Mutum huɗu suka jawo shi, ruwa har wuya, ganyen tafki a kansa. Na lulluɓe shi da tsohuwar rigar sanyin mijina, yana karkarwa yana tambayar ina sandarsa.

Washegari 'yarsa Norie ta iso daga Osaka. A rumfata ta tsare shi, a gaban kowa.

"Baba, na share maka ɗaki a gidana, hawa na tara. Akwai talabijin, akwai abin ɗumama ɗaki."

"Akwai kifi?"

"Akwai, a firji."

Ba wanda ya yi dariya, don mun ga fuskar Sadao. Matarsa ta rasu shekara shida da suka wuce, tafkin nan shi ne abin da ke fito da shi daga shimfiɗa kowace safiya. Da ƙyar muka lallashi Norie ta yarda da sharaɗi. Za ta bar shi zuwa taron kamun kifi na kaka, a watan goma, ranar za ta zo ta zauna a bayansa ta gani da idonta. In ya kama kifi ya ciro shi sanda na hannunsa, ya zauna. In ta sake kufcewa, a ranar zai shiga mota.

Kanji ya ce ai ba wani abu ba ne, mariƙin tsohuwar sandar ne ya sha jiki. Zai yi masa sabuwar sanda da sabon mariƙi. Na ce ya kawo Sadao ya ci udon kamar yadda aka saba, sai ya yi mini kallon wadda ta faɗi shirme.

"Toki-chan, hannun Sada-yan? Mariƙi goma sha ɗaya na yi wa hannun nan. Ko a mafarki aka tashe ni zan zana miki shi."

Cikin sati uku ya kawo. Kai, ya yi kyau! Sadao ya karɓa da hannu biyu, ya jujjuya, ya ce, "Yauwa, daidai." Kwana biyu a tsakani na hango sandar ta zame masa, madogarin da ake ɗora ta a kai ne ya tare ta. Ya waiga ko an gani, ni kuwa na sunkuya ina wanke kwanon da na riga na wanke. Labari ya kai kunnen Kanji ta wani bakin. Ya warware aikin, ya yi na biyu, ya barbaɗa garin busasshen urushi don ya yi kaushi. Sadao ya sake cewa daidai. Ta sake zamewa. Kanji ya fara zargin siliki, ya zargi damina, har jaridar bana ya zarga, wai takardar yanzu ba ta da ƙwari. Watan takwas ya ƙare, na tara ya kama.

Ni kuwa akwai abin da na daɗe da lura da shi. Tun da Sadao ya fito asibiti bai sake cin udon ba. Curin shinkafa yake saya, ya ci da hagu, hannun dama yana ƙarƙashin tebur. Mutumin da a da yake shanye kwano biyu ya nemi ƙarin romo! Na yi shiru don ba a tona wa namiji asiri a gaban abokansa, amma abin yana ci mini rai.

Wata Asabar da rana ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya, masu kamu kusan talatin suka cika rumfata, kowa na neman abu mai zafi. Hannuna biyu ne kawai. Ban ma tsaya tunani ba na cusa wa Sadao ludayi, don shi ne kusa da tukunya.

"Sada-yan, tashi ka zuba romo, ba zaman sarauta ka zo ba."

Ludayin nan nawa abin kunya ne. Sanyin ƙashi ya kama yatsuna tun shekara goma, don haka na naɗe mariƙinsa da tsohon tawul, na ɗaure da igiyar auduga, in ya saki in ƙara wani tsumman a kai. Ya yi kauri kamar dankali, gefe ɗaya ya baje inda babban yatsana ke zama, ga wani ƙaton ƙulli a ƙarshe. Sadao ya kama shi da hannun dama ya shiga zubawa. Kwano ɗaya, biyar, goma, ashirin, romo mai nauyi, ko ɗigo bai zubar ba, har yana yi wa mutane tsiya cewa su matso da kwano ba bas suke jira ba.

Kanji yana kusurwarsa yana kallon yatsun wani baƙo daga Nara. Haushi ya kama ni, na je na tsaya a kansa.

"Kai mai kallon hannun baƙi, yaushe rabonka da ka kalli na abokinka?"

Ya juya. Na ga lokacin da ya gani. Yatsu biyu na ƙarshe a hannun Sadao ba sa rufewa, sun tsaya a rabi kamar ƙugiya. A kan siririn mariƙi iska suke riƙewa. A kan tsumman ludayina kuwa sun zauna daram, ƙullin ya tokare su. Kanji ya tashi a hankali, ya je ya kama hannun ya juya shi, abin da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba.

"Sada-yan, don me ba ka faɗa mini ba?"

"Ai kai ka ce baki ƙarya yake yi. Na zaci za ka duba."

Tausayinsu ya kama ni, su duka biyun, har na juya ina goge tebur. Da ruwa ya tsagaita sai Kanji ya zare ludayin daga tukunya, ya girgije shi, ya sa a hammata.

"Kan-chan! Da me zan zuba romo?"

"Da kofi."

Kwana tara ina zuba romo da kofi ina ƙona yatsu. Harue ta ce jaridar wata guda cur ya cinye, kuma ya hana ta magana a gidan. Ranar da ya kawo sandar, masu kamu suka taru, aka yi tsit, sai wani ya fashe da dariya kowa ya bi. Gorar nan sabuwa fil, kyakkyawa, miƙaƙƙiya, amma a gindinta ga dankali. Farar igiyar auduga mai kaushi, babu siliki, babu sheƙi, gefe ɗaya a baje, ƙulli a ƙarshe. Sadao ya kama, ya ɗaga, ya kaɗa ta sama da ƙasa da hannu ɗaya. Wannan karon bai ce daidai ba. Can ya duba saman mariƙin.

"Ina sunan?"

"Wannan ba aikina ba ne, aikin Toki-chan ne. Ta sa nata in tana so."

"Au, sanda marar uba ka kawo mini?"

"In ba ka so, kawo."

Bai bayar ba.

Ranar taron kaka gari ya waye garau. Norie ta zo da sassafe, ta shimfiɗa ɗan matashi a bayan ubanta ta zauna, makullin mota a cinyarta. Ƙarfe takwas, tara, goma, tsinken gashin dawisu da ke tsaye a kan ruwa, mai nuna kifi ya kama ƙugiya, bai ko motsa ba. Na kasa zama a rumfa, na bar tukunya na fito. Wajen sha ɗaya tsinken ya nutse. Sadao ya fizga, gora ta lanƙwashe kamar baka, kifin ya ja da ƙarfi zuwa tsakiyar tafki. Da idona na ga hannun ya fara zamewa baya. Ya zame, ya zame, ya kai ga ƙullin, ya tsaya cak. Norie ta miƙe tsaye, makulli ya faɗi a kan katako. Sadao ya yi ta lallaɓa kifin har ya shigo raga, ƙato, ya fi tsawon tafin hannu biyu. Ya ɗaga shi kowa ya gani, ya mayar da shi ruwa kamar yadda ake yi.

Norie ta share ido da bayan hannu. "To, Baba. Ɗakin nan sai in zuba kaya a ciki, dama sun yi mini yawa."

Kanji kuwa, kamar kullum, ko ɗaya bai kama ba. Da aka taru cin abinci sai ya ratso ta bayan tebur ya ce in matsa daga murhu. Ya sa hannu a aljihu ya fito da ɗan ƙarfensa na suna. Ashe tun safe yana ɗauke da shi. Ya ɗora a wutata har ya yi ja, ya karɓi sandar, ya danna a saman dankalin nan a gaban duk waɗanda suka yi dariya. Ƙaurin gora ya tashi.

"Yanzu ta yi uba," in ji Sadao. Sai ya juyo gare ni. "Toki-chan, udon. Babban kwano. Ki haɗo da cokali mai yatsu, tsinken nan ya fi ƙarfina."

Na kawo masa. Ya fito da hannun dama daga ƙarƙashin tebur, ya ɗora shi a sarari kusa da kwanon, yatsu biyun nan a lanƙwashe. Kanji ya jawo kujera ya zauna a gabansa, ya kafa wa hannun ido, bai ɗauke ba har Sadao ya shanye romon ya nemi ƙari.