Kwalekwalen Kawu Alƙali

Duk wanda ya san Kawu Garba, alƙalinmu na Gaya ta bakin kogin Kwara, ya san kwalekwalensa. Sabo fil ya saye shi, ya kife a ƙofar gida. Kullum zai tafi kotu sai ya ƙwanƙwasa shi ya ce, “Yi haƙuri, saura kaɗan.” Burinsa ɗaya ne a duniya: ya yi ritaya, ya koma garinsu Tunuga ya kama kifi. Mutumin da ko iyo bai iya ba!

In masunta suka kawo ƙara, ranar shari'a ta lalace. Na taɓa ji ya katse wani yana tsakiyar rantsuwa: “Bar zancen satar tarun nan tukuna. A ina ka ce ka kama giwan ruwan?”

Ana gab da sallamarsa, sai sojoji suka sanar a rediyo cewa an ƙara wa alƙalai shekarun aiki. Abokan aiki suka zo barka. Suka tarar ya shimfiɗa tabarma gefen kwalekwale, ya zabga tagumi.

“Kai, Malam Garba, wa ya rasu?”

“Ni. Ku zauna ku yi mini gaisuwa.”

Kawu dai bai saduda ba. Ya je wurin kumandan sojoji mai mulkin garin ya ce kunnensa ya mutu, a sallame shi. Duk abin da aka faɗa sai ya ce, “Iye?” Kumandan ya juya ga jandarman da ke tsaronsa ya yi raɗa: “An ce farashin kifin ragon ruwa ya faɗi warwas a kasuwa yau.”

“Wajen wa?” in ji Kawu.

Ai kuwa washegari yana kotu.

Matarsa, Inna Hadiza, da ta gaji, ta mai da kwalekwalen wurin shanyar kuɓewa. Ya ce, “Hajiya, jirgi ne fa!” Ta ce, “Jirgin da bai san ruwa ba? Kaji ma sun fi ka shigarsa.”

Bai kai ga ritayar ba. Ya rasu cikin damina, ruwa ya yanke hanyar mota, ga shi ya bar wasiyya a binne shi a Tunuga. Muka birkice kwalekwalen, muka kai shi bakin Kwara. Muka ɗora makara a ciki, muka tura shi ruwa. Wallahi ko ɗigo bai yi yoyo ba. Ni na riƙe kan makarar, ina kuka, har muka isa.

Allah ya jiƙanka, Kawu. Ya ba ka hutun da sojoji suka hana ka, a inda ƙoramu ke gudana.