Kifin Katakon Yaya Orval

Yayana Orval Heikkila a kan tafkin garinmu ya tsufa, nan arewacin Wisconsin. Idan ruwa ya daskare, yana rumfar da ke bayan gidansa yana sassaƙa kifin katako, ya yi masa fenti, ya rataya masa ƙugiyoyi. Ƙanƙara na narkewa zai ɗaura shi a zare ya yi ta jifa don maski, ƙaton kifin nan da sai ka shekara kana bi bai kula ka ba.

Bana kafaɗarsa ta gaji. Likita ya ce bayan tiyata babu shi babu jifan katako mai nauyi. Buri ɗaya ya rage masa: ya kama na ƙarshe da fentin hannunsa, ya ɗaga shi, ya mayar ruwa kamar yadda kowa ke yi.

Ana gobe za a kwantar da shi muka fita a ƙaramin jirgin ruwa, ni ƙanwarsa ke riƙe da inji. Tun safe yake jifa yana nishi. Da la'asar hadari ya haɗo, lokacin da maski ke tashi neman abinci ke nan, kuma ba ya daɗewa.

Ya jefa baƙin kifin katako mai ciki ruwan lemo. Yana jawowa sai ga wata maski a bayan katakon, doguwa kamar gungume. Ta biyo har gefen jirgi, ta dubi katakon, ta nutse.

"Marlys, kin gani? Raina min fenti ta yi!"

"Sake jefawa, Yaya, tana nan ƙasa."

"Wanda ta ƙi? Ina! Ba a maimaita wa maski launi."

Ya buɗe akwati ya sunkuya.

"Kore mai zane ko ruwan ɗorawa?"

"Ko wanne. Ita dai ba zanen gado ta zo saye ba."

"Ke kam kofi kika iya. Ruwan nan ja ne kamar shayi, kore ba zai fito ba."

"To ruwan ɗorawa."

"Wannan na rana ne. Dubi sama mana."

Ya ɗauko mai ɗige-ɗige, ya juya shi, ya mayar. Ƙugiyoyi suka sarƙe, ya zauna warwara. Na ce tsoho, iska fa ta juya. Ya ce in bar shi ya yi tunani.

Kafin ya ɗaura mai ruwan zinare, hadarin ya gota ta kudu, rana ta fito, tafkin ya kwanta lif. Ya miƙe ya jefa. Katakon ko tsawon jirgi bai wuce ba. Ya dafe kafaɗa ya koma ya zauna, zaren na lilo a ruwa.

"In jefa maka?"

"Idan ke kika jefa ai naki ne."

Ya jawo a hankali da hannun hagu, ya kwance katakon ya goge shi a wando.

"Da koren na sa," ya ce.



"Kunna injin, Marlys. An ce kada in ci komai bayan magariba, ni kuwa yunwa nake ji."