Hannun Daman Orville Tadlock

Ƙarfe uku na rana, kafin 'yan kallo su shigo filin besbol na garinmu, za ka ga Orville Tadlock ya turo kwandon ƙwallaye yana taunar cingam. Ya tsaya bayan raga ya ce, "To, malalata, wa zai fara?" Shekara ashirin da takwas haka yake yi.

Burin kowane mai jifa shi ne ya ruɗi mai bugu, sanda ta bugi iska. Da haka Orville ya ci abinci shekara shida, kafin ƙungiya ta mayar da shi mai jifan atisaye, wato ya jefo ƙwallo sak don mu masu bugu mu samu hannu. Ranar farko sabo ya ja shi, ya dinga murɗa ƙwallo, mutum biyar babu wanda ya taɓa ko ɗaya. Koci ya daka masa tsawa, "Orville, naka ne fa waɗannan!" Har yau ana tsokanarsa.

Ni shaida ne a kan alherin Orville. A shekarata ta biyu bugu ya ƙi ni ƙememe, koci ya ba ni mako guda, ko in gyara ko in haɗa jakata. Ga matata da tsohon ciki. Wallahi na tsorata.

Orville ya ce, "Gobe da safe ka zo, kada ka kawo mini wannan fuskar."

Kwana shida yana jefo mini ƙwallo ɗari biyu kullum, kafaɗarsa na ciwo, bai faɗa ba. Rana ta huɗu ya ce, "Kai, ɗan nan, rawa ka zo yi? Dasa ƙafar bayan nan!" Ashe matsalar ke nan. Na dasa, na ƙara shekara goma sha ɗaya a ƙungiyar.

Kai ne gwanin da ake bugun ƙwallonsa yana murna, Baba Orville. Tun da ka koma jifan atisaye sunanka bai ƙara hawa allon filin wasa ba, mu aka yi wa tafi. Mun gode. Matasa masu tasowa, ku koyi irin wannan hali.

Ranar Asabar ya yi ritaya, muka ba shi sabuwar hula. Ya ɗaga hannun daman nan zai sa, hannu ya tsaya a kafaɗa, ya ƙi wucewa. Ya yi dariya ya dube ni ya ce, "Kai ka cinye shi, zo ka sa mini."

Na sa masa, idona cike da ƙwalla.